Darasin Wannan Wata: Tudun Wurno da Abubuwan Gani a Kwarin Rima har Ƙasar Gobir

 

Darasinmu na wannan wata ya haɗa tarihi da labarin ƙasa. Za mu hau tudun Wurno mu dubi abin da ke kewaye da shi. Daga nan sai mu bi gulbin Rima, mu nufi inda ruwan yake fitowa. Za mu tsaya a Goronyo da Alƙalawa da Sabon Birni, mu ƙare a Isa. Darasin yana da ɗan tsawo, saboda haka mun raba shi kashi-kashi. A karanta kashi ɗaya a fahimce shi, sannan a wuce na gaba.

1. Me ya sa mutanen da suke zama a kan tudu?

A ƙasar Hausa akwai tsofaffin garuruwa da yawa da suka fara daga kan dutse ko gindinsa. Akwai Dala a Kano. Akwai Kufena a Zariya. Akwai Kwatarkwashi a Zamfara. Akwai kuma Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar.

Dalili na farko shi ne tsaro. Wanda ke kan tudu yana hango ƙurar dawaki tun daga nesa. Kafin mahara su iso, an buga ganga, mutanen gona sun dawo gida, an rufe ƙofa. Doki kuma ba ya jin daɗin hawan wuri mai tsayi da duwatsu.

Dalili na biyu shi ne ruwa. Idan gulbi ya cika ya yi ambaliya, gidan da ke kwari shi ne ke fara rushewa. Gidan kan tudu yana nan lafiya, rumbu ma yana nan lafiya.

Dalili na uku shi ne gona. Ƙasar fadama tana da albarka, ba a son a ɓata ta da gini. Sai a yi gida a bisa tsandauri, a bar ƙasa mai kyau don noma.

Amma zaman tudu yana da tasa wahala. Rijiya tana yin zurfi kafin a cim ma ruwa. Mata da yara da jakuna su ne ke shan hawa da sauka. Da damina kuma ruwan sama yana gangarowa da ƙarfi, ya ci ƙasa ya bar kwazazzabo a bakin gidaje. Shi ya sa a wurare da yawa, da zaman lafiya ya samu, sai mutane suka sauko gindin dutse.

2. Wurno, garin Sarkin Musulmi Bello

Wurno tana arewa maso gabas da birnin Sakkwato. Garin yana zaune a bisa wani dogon tudu mai jan dutse, fadamar Rima kuwa tana shimfiɗe a ƙarƙashinsa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa Wurno a wajen shekarar 1830. Ya kafa ta ne a matsayin ribaɗi. Ribaɗi shi ne garin da ake ginawa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma da masu sana'a, don su tsare ƙasa kuma su raya ta. A wancan zamani yaƙi tsakanin Sakkwato da Gobirawa bai ƙare ba, kuma ta kwarin Rima ake kawo hari. Bello ya zaɓi wurin da zai riƙa ganin kwarin da idonsa.

A Wurno ya zauna a ƙarshen rayuwarsa. A nan ya rasu a 1837, kuma a nan hubbarensa yake. Har yau mutane suna zuwa ziyara daga wurare masu nisa. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama. Hakimin garin ana kiransa Sarkin Sudan.

Nana Asma'u, ƙanwar Bello, ta zauna a Wurno tare da mijinta Waziri Giɗaɗo. Ita ce ta shirya matan da ake kira 'yan taru. Kowace ƙungiya tana da shugaba mai suna jaji. Jaji takan zo ta ɗauki karatu a wurin Nana, ta koma ƙauyensu ta koyar da sauran mata. Nana Asma'u ta rasu a 1864.

A 1853 wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya sauka a Wurno. Mutanen ƙasar nan sun san shi da suna Abdulkarim. Ya rubuta yadda ya ga garin a kan dutse, da gonakin da ke ƙasa.

3. Abin da ido ke gani daga kan tudu

Wanda ya tsaya a bakin tudun Wurno zai ga ƙasa iri biyu a lokaci ɗaya. A bayansa akwai gonakin tudu, inda ake shuka gero da dawa da wake da damina. A gabansa akwai fadama, inda ake shinkafa, da rani kuma a yi albasa da tafarnuwa da tumatir da tattasai da alkama.

Me ya sa fadama ta fi albarka? Duk shekara idan gulbi ya cika, yana ɗauko laka daga nesa ya baza ta a kwari. Wannan laka taki ce. Ruwa kuma yana kusa da sama, rijiya gajera ta isa ban ruwa.

Shi kansa gulbin Rima ba daga wuri ɗaya ya fito ba. Kogin Bunsuru da kogin Gagare suna gangarowa daga kudu, daga ƙasashen Katsina da Zamfara, su haɗu. Gulbin Maraɗi kuwa yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya wuce ta gefen Maraɗi, ya sake dawowa Nijeriya ya zuba a Rima. Daga nan Rima ya bi ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da gulbin Sakkwato, su tafi har kogin Kwara. Ashe ruwan da manomin Wurno ke ba albasarsa, wani sashensa ya ratso ƙasa biyu.

4. Madatsar ruwa ta Goronyo

Idan aka bar Wurno aka nufi arewa maso gabas, za a iso Goronyo. A nan aka datse gulbin Rima. An gama ginin madatsar a 1984, aka yi bikin buɗe ta a 1992. An gina ta ne don ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942.

Mene ne mita kubik? Ka ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Ruwan da zai cika shi, shi ne mita kubik ɗaya. Lita 1,000 ke nan, wato jarka 40 mai cin lita 25.

Aikin madatsa shi ne ta tara ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Da shi ake noman rani, da shi masunta ke samun kifi, kuma daga gare shi birnin Sakkwato ke samun ruwan famfo.

Amma ruwa ba shi da sabo. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi yawa ƙwarai, wani sashe na madatsar ya ɓalle. Ƙauyuka da yawa na kwari suka nutse, gonaki suka lalace, har hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. A wannan shekara mutane da yawa kan tudu suka gudu. Hikimar mutanen da ta sake fitowa fili: gona a kwari, gida da rumbu a tudu.

5. Duwatsun da ke ba da labarin teku

A ƙasar Goronyo akwai ƙauyen Taloka da tudunsa. A ƙasar Gada kuma akwai Dukamaje da Gilbadi. Masana ilimin ƙasa sun daɗe suna zuwa waɗannan tuddai. Har sun sa wa wasu jerin duwatsu sunayen garuruwanmu, kamar Taloka da Dukamaje da Wurno da Dange da Kalambaina. Ɗaliban jami'a a ƙasashe da dama suna karanta waɗannan sunaye.

Me suke nema? A cikin duwatsun nan ana samun haƙoran manyan kifaye, da ƙoƙon kunkuru, da ƙasusuwan kada, da bawon dodon koɗi irin na teku. Duk sun daskare sun zama dutse. Masana sun ce wannan alama ce cewa fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan teku ya taɓa rufe wannan yanki.

A 1930 wani masani a Ingila ya yi bayanin ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa da aka samu a lardin Sakkwato. Daga baya wasu masana daga Italiya suka zo suka samo ƙarin ƙasusuwanta a ƙasar Goronyo. A 1972 suka sa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Irin wannan dabba ta ƙare a duniya tun da daɗewa.

Wannan ilimi yana da amfani a rayuwarmu. Farin dutsen Kalambaina daga bawon halittun teku ya samu. Da shi ake yin siminti a masana'antar da ta fara aiki a Kalambaina a 1967.

6. Kufan Alƙalawa

Yanzu mun shigo ƙasar Gobir. A Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, kusa da gulbi, akwai kufan wani babban birni mai suna Alƙalawa.

Gobirawa daga arewa suka gangaro. Sun zauna a Birnin Lalle, wanda ke cikin Nijar a yau. Daga baya suka shigo ƙasar Zamfara, suka yi ƙarfi. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, sarkin da har yau ake ambaton jarumtarsa.

A zamanin Sarkin Gobir Yunfa ne saɓani ya tsananta tsakanin fada da jama'ar Shehu Usmanu. Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. A wannan shekara aka yi yaƙin Tabkin Kwatto. A 1808 rundunar Muhammadu Bello ta ci Alƙalawa, Yunfa ya rasu a wannan yaƙi, birnin ya watse.

Wanda bai san tarihi ba zai iya wucewa ta irin wannan wuri bai lura da komai ba. Kufai ba ya magana. Alamunsa su ne tudun tsohuwar ganuwa, da ramin da ke bayanta, da fasassun tukwane a cikin gona, da manyan itatuwan kuka. Duk shekara garma da ruwan sama suna rage su. Abin da ya ɓace ba ya dawowa.

7. Sabon Birni da Tsibiri

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen sarautar Gobir ba. An ci gaba da gwabzawa shekara da shekaru. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa suka haɗa kai, amma Bello ya yi nasara. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk sun rasu a wannan yaƙi.

Bayan haka Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya saɓani ya shiga tsakanin 'ya'yan sarauta. Wani yarima mai suna Ɗan Halima ya fito da mutanensa a wajajen 1860 zuwa 1870, ya dawo kwarin Rima ya kafa gari. Shi ne Sabon Birni. Har yau tsofaffi suna cewa Sabon Birnin Ɗan Halima.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. Su da Turawan Faransa suka shata iyaka, suka gyara ta a 1904 da 1906. Wannan iyaka ta raba ƙasar Gobir biyu. Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta faɗa Nijeriya. Amma iyaka ba ta raba zumunta ba. Harshe ɗaya ne, ana aure, ana cin kasuwa tare. Tsagar gado ma ɗaya ce, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan.

8. Isa da dajin Gundumi

Isa tana kudu maso gabas da Sabon Birni, kusa da iyakar Jihar Zamfara. Ita ma tana cikin garuruwan ribaɗi na daular Sakkwato. Hakiminta ana kiransa Sarkin Gobir na Isa. Ƙasa ce ta noma da kiwo da kasuwanci, kuma Shinkafi maƙwabciyarta ce.

Tsakanin Isa da Sakkwato akwai dajin Gundumi. A ƙarni na 19 fatake suna tsoronsa ƙwarai. Ba ruwa, ba gari, ga mahara. Lokacin da Barth ya ratsa shi a 1853, ayarinsu ya yi tafiyar dare da rana ba tare da sauke kaya ba, don gudun hari. Daga baya zaman lafiya ya samu, aka yi hanyar mota ta ratsa dajin, 'yan kasuwa suna kai da kawowa.

9. Halin da ake ciki

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da ya biyo baya. Daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙasashen Isa da Sabon Birni da Goronyo. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da yawa a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Oktoba na 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka rasu. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun bar gidajensu, wasu sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Tarihi ya nuna cewa wannan kwari ya taɓa ganin yaƙi na shekaru masu yawa, kuma ya ga ƙarshensa. Jikokin waɗanda suka yi faɗa a Alƙalawa da Gawakuke sun zo sun zama maƙwabta da surukan juna. Kada laifin mai laifi ya sa a tsani ƙabila ɗungum. Bagobiri da Bafulatani da Buzu da Bazamfare, kowa ya ɗanɗani wannan masifa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

10. Idan za a kai ziyara

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma rai ya fi komai. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

Na ɗaya, a tambayi hakimi ko mai gari da jami'an tsaro halin hanya. Idan suka ce a dakata, to, a dakata. Wurin yana nan, ba zai gudu ba.

Na biyu, a tafi da rana a dawo da rana. Kada a bi hanyar daji don yanke.

Na uku, idan an isa gari a fara gaida mai gari, a nemi ɗan rakiya. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, a hubbare a shiga da ladabi, a yi sallama, a yi addu'a, a bi umarnin masu kula da wurin.

Na biyar, wanda ya tsinci tsohon abu a kufai ko ƙashin da ya zama dutse, kada ya fasa, kada ya sayar wa baƙo. Ya sanar da hakimi, don a kai labari Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.

Na shida, kada a ɗebi ƙasar tsohuwar ganuwa don gini, kada a sare itacen da ke gefen tudu. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa.

Wanda bai sami halin tafiya ba, akwai ziyarar da ba ta bukatar mota. Kusan kowane ƙauye yana da tudu ko kufai ko tsohuwar rijiya, kuma yana da tsohon da ya san labarinsu.

Sababbin kalmomi

Ribaɗi: garin tsaro da ake kafawa a bakin iyaka.
Hubbare: ginin da ke kan kabarin babban malami ko shugaba.
Kufai: wurin da gari ya taɓa zama, aka tashi aka bar shi.
Madatsa: ginin da ake tare ruwan gulbi da shi.
Ƙarni: shekara 100.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suka sa mutanen da suke zama a kan tudu.
2. Wane ne ya kafa Wurno, kuma a wace shekara ya rasu?
3. Mene ne aikin jaji?
4. Waɗanne koguna ne ke zuba ruwa a gulbin Rima?
5. Mene ne ma'anar Goronyosaurus?
6. Wane ne ya kafa Sabon Birni?

Lissafi

1. An ci Alƙalawa a 1808, an yi yaƙin Gawakuke a 1836. Shekara nawa ke tsakani?
2. Aliyu Babba ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859. Shekara nawa ya yi?
3. Mita kubik ɗaya jarka 40 ce. Mita kubik 5 jarka nawa ce?

Aikin gida

Kowa ya je wurin wani dattijo ko dattijuwa a garinsu. Ya tambaya: wa ya kafa garin nan? Daga ina ya zo? Me ya sa ya zaɓi wannan wuri? A rubuta amsar cikin layi goma, a nuna wa malamin aji. Labaran da suka fi kyau, malami ya aiko mana da su mu buga a wannan fili.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.